Littafin Masar da Ba a Taɓa Rubutawa Ba

Duk wanda ya saba kallon finafinan Turawa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wata tsohuwa ba, zaune a ɗaki mai duhu-duhu, ta ɗaure kai da gyale, ga kyandir a gabanta, tana buɗe waɗansu katuna masu hotuna ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta iso kan wani mai hoton ƙwarangwal, ta ɗaga ido ta dubi baƙonta cikin tausayi, shi kuwa gabansa ya faɗi. Waɗannan katuna su ake kira tarot. A ƙasashen Turai da Amurka koyon duba da su sana'a ce zaunanniya, da littattafanta da malamanta da almajiranta, yanzu ma har ta wayar hannu ake ɗaukar darasi. Abin da aka daɗe ana fara shaida wa almajiri kuwa shi ne, wai katunan nan gadon mutanen Masar ne tun zamanin Fir'auna, wai limaman gumakansu ne suka dunƙule iliminsu cikin hotuna, suka ɓad da kamarsa ya zama abin wasa don kada ya salwanta.

Wannan labari ba shi da tushe ko kaɗan, an kuma san wanda ya ƙaga shi da shekarar da ya yi haka. Amma ƙaryata shi kaɗai bai isa ba. Mutane masu hankali sukan share shekaru suna wannan karatu, waɗanda ake yi wa duban kuma sukan tashi suna rantsuwa an faɗa musu gaskiya. To, in ba asirin Masar ake koyo ba, mene ne ake koyo? Amsar da tarihin katunan yake bayarwa ita ce, abin da almajirin tarot yake ƙwarewa a kansa fasahar magana ce, watau iya ƙulla labari daga hotuna da iya karantar fuskar mai saurare. Fanni ne da ya fi kusa da tatsuniya bisa ga sanin gaibu, saboda haka ɗalibin harshe da adabi yana da ta cewa a kansa.

Ƙunshin tarot yana da kati 78. Guda 56 sun kasu dangi huɗu, watau kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sanduna, kowane dangi yana da kati 14: daga 1 zuwa 10, sa'an nan sarki da sarauniya da barde da yaron fada. Wannan bai yi nisa da kartar da kowa ya sani ba. Sauran 22 su ne masu ɗaukar ido. Akwai Wawa, da Mai Siddabaru, da Paparoma, da Masoya, da Adalci, da Keken Rabo wanda ke ɗaga wani yana kifar da wani, da wani mutum da aka rataye ta ƙafa, da Mutuwa, da Shaiɗan, da Hasumiya mai rugujewa, da Tauraro da Wata da Rana, da Tashin Ƙiyama, da Duniya, da waɗansunsu.

In za a yi wa labarin Masar adalci, akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinsa, sai dai an yi kuskuren zamani da shekaru dubbai. Karta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370 daga daular Mamluk, wadda ta mallaki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517. A gidan tarihi na Topkapi a Istambul akwai ƙunshin irin kartarsu, wanda wani masani mai suna Leo Mayer ya gano a 1939. Dangoginta huɗu ne: kofuna, tsabar kuɗi, takubba, da sandunan ƙwallon dawaki. Da yake Turawan lokacin ba su san ƙwallon dawaki ba, sai suka mayar da waɗannan sanduna kulake. Manyan katunan ba su da hoton mutum, sunaye ne a rubuce da Larabci, malik da na'ib, daga na'ib ɗin nan ne kuma Italiyawa suka sami naibi, mutanen Sifen suka sami naipe, sunan da suke kiran karta har gobe. A 1377 hukumar birnin Florence ta hana wasan. Ashe ke nan Masar ɗin da karta ta fito ta sarakunan Musulmi ce ta birnin Alƙahira, babu ruwan Fir'auna.

Katunan nan 22 kuwa ƙari ne na Italiyawa. Rubutu mafi tsufa da ya ambace su na 1440 ne a yankin Florence, sai na 1442 a littafin kuɗin fadar Ferrara. Sarakunan Milan na gidajen Visconti da Sforza sun sa an zana musu nasu da hannu, an shafe da ruwan zinariya, waɗansu suna nan a gidajen tarihi. Sunansu a lokacin trionfi, watau masu rinjaye, aikinsu kuma a wasa yake: kowane ɗaya daga cikin 21 yana cinye duk wani kati na dangogin nan huɗu, babba a cikinsu yana cinye ƙarami, Wawa kuwa yana da tasa doka dabam. Hotunan ba su kasance asiri ga kowa ba a Italiya ta wannan zamani. Su ne ake gani a bangon coci da jerin gwanon bukukuwa, inda ake nuna soyayya ta rinjayi mutum, mutuwa ta rinjayi soyayya, lahira ta rinjayi mutuwa. Mutumin nan da aka rataye ta ƙafa, wanda littattafan duba suka cika da zurfafan ma'anoni, maci amana ne kurum, gama haka birane ke zana hoton maciya amana a bango don a kunyata su. Tsohon da yanzu ake kira mai halwa yana riƙe da fitila, da can Zamani ne riƙe da agogon rairayi. Akwai wata huɗuba ta wani limamin Kirista ta ƙarshen ƙarni na 15 wadda ta lissafa katunan ɗaya ɗaya ta tsine musu, amma laifin da ta ɗora musu na caca ne, ba ta ce ana duba da su ba. Haka aka yi ta wasa da su shekara ɗari uku, a Italiya da Faransa da Suwizalan da Jamus da Austiriya. Alamar duba ta farko da aka samu wata 'yar takarda ce daga Bologna, ta wajen farkon ƙarni na 18, wadda ta ba waɗansu katuna gajerun ma'anoni.

Sai a 1781 Fir'auna ya shigo zancen. Antoine Court de Gébelin malamin addinin Kirista ne na ɗariƙar Furotesta, mazaunin Faris, wanda ya ɗaura ɗamarar rubuta wani ƙaton littafi mai suna Le Monde primitif, inda yake son ya tabbatar cewa dukan harsuna da al'adun duniya daga tushe guda suka fito. A juzu'i na 8 ya ba da labarin yadda ya kai wa wata baiwar Allah ziyara ya tarar ana wasan tarot, wanda a lokacin an daina yinsa a Faris. Da ya dubi katunan, in ji shi, nan take ya gane hikimar Masar ce, cikin kwata na awa kuma ya gama fassara su duka. Ya ce su ne ragowar littafin Thoth, gunkin rubutu da ilimi na Masarawa. Inda hoto bai dace da ra'ayinsa ba sai ya gyara hoton. Mutumin da aka rataye ta ƙafa, alal misali, cewa ya yi masu buga karta ne suka kifa shi bisa kuskure, ya miƙar da shi tsaye a kan ƙafa ɗaya ya sa masa suna Tsinkaya.

Hujjarsa mafi girma ta harshe ce, a nan ne kuma ya kamata ɗalibin Hausa ya buɗe kunne. Ya ce kalmar tarot ta Masar ce, tar hanya, ro kuwa sarki, watau hanyar sarauta. A lokacin da ya faɗi haka babu mahaluki ɗaya a duniya da ya iya karanta rubutun tsofaffin Masarawa. Sai a 1799 aka tsinci dutsen Rosetta, sai a 1822 Champollion ya warware rubutun, da aka iya karantawa kuwa ba a sami waɗannan kalmomi da wannan ma'ana ba, ba a kuma sami ko alamar katunan ba. Daɗin daɗawa, sunan tarocchi, wanda tarot ya fito daga gare shi, bai bayyana a rubuce ba sai 1505, shekara 65 bayan an fara ambaton katunan. Sunan da aka ce ya fi dalar Masar tsufa, ashe ko katunan da yake kansu bai kai shekaru ba.

Irin wannan saran kalma biyu a ba kowane ɓari ma'ana ba baƙon abu ba ne a ajin Hausa. Shi ne ya haifi cewa sunan Hausa daga hau sa ya fito, Bayajida kuma daga ba ya ji da. Faransawa ba su furta harafin ƙarshe na tarot, saboda haka a bakinsu kalmar kamar taro take fita. Da Court de Gébelin Bahaushe ne, da ba abin da zai hana shi cewa sunan daga taron jama'a yake, tun da a taru ake yin wasan, ko daga taro na kuɗin da, tun da caca ce. Da kuma ya sami masu gaskata shi, domin kunne yana son irin wannan bayani. Kamancin sauti ba hujja ba ne sai an bi sawun kalma ƙarni bayan ƙarni cikin rubutu ko cikin 'yan'uwan harshenta. Haka nan ɗabi'ar jingina asali ga Gabas mai nisa don a ƙara wa abu daraja ba Turawa kaɗai ke da ita ba. Masu bugun ƙasa, da siffofinsu 16, suna jingina iliminsu ga Annabi Idrisu. Abin mamaki shi ne waɗansu marubutan Larabawa na da sun ce Idrisu shi ne wanda Yunanawa ke kira Hermes, Yunanawa kuma Hermes suke kiran Thoth. Watau mai zane a rairayi da mai shimfiɗa kati a Faris kaka ɗaya suke da'awa, ba tare da sun san juna ba.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan dai ta yi. Wanda ya fara cin 'ya'yan shi ne Jean-Baptiste Alliette, ɗan kasuwar irin shuka wanda daga baya ya koma sayar da hotuna. Ya juya sunansa ta baya ya zama Etteilla. Tun 1770 ya buga littafin duba da kartar yau da kullum, da labarin Masar ya fito sai ya rungume shi ya ƙara masa gishiri, har ya faɗi yawan malaman da suka rubuta littafin Thoth da yawan shekarun da suka wuce bayan Ɗufana kafin su rubuta. A shekarun 1780 ya buga littattafan duba da tarot, ya fitar da ƙunshi na farko da aka yi musamman don duba, ya kafa ƙungiyar masu fassara littafin Thoth, a 1790 kuma ya buɗe makaranta. Shi ne ya baza dabarar ba kowane kati ma'ana biyu, ɗaya in ya fito daidai, ɗaya in ya fito a kife. Duk mai koyon tarot a yau jikan almajirinsa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ba shakka kuma Etteilla ya fahimci abin da Masar take yi masa. Ba wanda zai biya kuɗi a gaya masa makomarsa da kartar 'yan caca ta Milan, amma littafin Thoth ya isa a buɗe masa jaka.

Bayansa sai masu ilimin asiri suka karɓa. Éliphas Lévi, a littafinsa na tsakiyar shekarun 1850, ya lura haruffan Ibrananci 22 ne, manyan katunan ma 22 ne, sai ya aurar da kowane kati ga harafi guda, ra'ayin da wani ya riga ya taɓo tun cikin littafin Court de Gébelin. A 1888 aka kafa wata ƙungiyar asiri a Landan mai suna Golden Dawn, wadda har mawaƙin nan W. B. Yeats ya shiga, ita kuma ta ƙara taurari da buruji a kan haruffan. To, sai ga matsala. Lévi ya ba Mai Siddabaru harafin farko, su kuwa na Landan suka ba Wawa, saboda haka kusan dukan jerin ya goce da taki ɗaya. Sa'an nan suka sauya wa Adalci da Ƙarfi gurbi, na 8 ya koma 11, na 11 ya koma 8, don kawai zakin da ke cikin hoton Ƙarfi ya faɗa kan burujin Zaki. Kowane ɓangare yana cewa nasa ne sahihin gado. Alhali kuwa Michael Dummett, shaihun malamin falsafa na Oxford, ya nuna a littafinsa The Game of Tarot na 1980 cewa tun a Italiya jerin katunan iri uku ne, kowane yanki da nasa. Ko yawansu ma bai tsaya wuri ɗaya ba: mutanen Bologna da kati 62 suke wasa, na Florence kuwa sun yi wani iri mai 97. Asirin da ya dogara ga lamba 22 da tsayayyen jeri, a kan rairayi aka gina shi.

Abin da ya sauya koyon tarot da gaske ba waɗannan malamai ne suka yi shi ba, wata mai zane ce. A 1909 Arthur Edward Waite, wanda ya fito daga Golden Dawn, ya ɗauki Pamela Colman Smith ta zana masa sabon ƙunshi, kamfanin Rider ya buga. Kafin wannan, ƙananan katuna ba su da komai sai adadin abin da suke ɗauke da shi: biyar ɗin kuɗi, tsaba biyar ne kurum. Ita kuwa, da ta ɗan tsinci dabara daga wani tsohon ƙunshin Italiya mai suna Sola Busca, sai ta ba kowane ɗaya daga cikin 56 ɗin nan nasa fage. Biyar ɗin kuɗi ya zama mabarata biyu suna tafiya cikin ƙanƙara ta gindin tagar coci mai haske. Shidan takubba ya zama mai fito yana haye da wata mace da ɗanta a kwalekwale, sun ba da baya. Takwas ɗin kofuna ya zama mutum da sandarsa ya bar kofunansa a jere ya kama hanyar duwatsu da dare. Wace ce wannan mace? An haife ta a Landan a 1878, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Jamaika, ta yi aikin zanen dandamalin wasan kwaikwayo, a 1899 kuma ta buga littafin tatsuniyoyin Anansi, gizo-gizon nan mai wayo da bayi suka tafi da labarinsa daga ƙasar Akan ta Gana, ɗan'uwan Gizo na Ƙoƙi. Takan zauna gaban jama'a ta ba da tatsuniyoyin da bakinta. Mai tatsuniya ce ta zana ƙunshin da ya fi kowane yaɗuwa a duniya, kowane kati nata kuwa kamar tsakiyar labari ne da aka yanke masa kai da ƙafa. Ladan da aka ba ta kaɗan ne, ta rasu a 1951 da bashi a kanta, aka kuma daɗe ana kiran ƙunshin da sunan Rider da Waite ba tare da nata ba.

Yanzu sai a dubi yadda karatun yake tafiya. Matakin farko hadda ce. Kati 78, kowanne da ma'anarsa daidai da a kife, ya zama 156. Akan shawarci almajiri ya zaro kati ɗaya kowace safiya, ya rubuta abin da ya gani a ciki, da dare ya duba ko ya dace da yininsa. Mataki na biyu shimfiɗa ce: kati uku, na jiya da na yau da na gobe, ko kuwa shimfiɗar nan mai kati 10 da Waite ya yaɗa, wadda kowane gurbi a cikinta yake da aikinsa, wannan abin da ke gaba, wancan abin tsoro, na ƙarshe makoma. A nan hadda take ƙarewa. Kati uku kaɗai daga cikin 78 suna iya jeruwa ta hanya 456,456, in aka sa kifewa a lissafi sai a ninka sau 8. Babu littafin da zai ƙunshi wannan. Dole mai duba ya ƙulla da kansa, ya ce mabaratan nan su ne halin da aka fito, mai fiton nan shi ne tafiyar da ake ciki, ya nemo zaren da zai ɗinke su. Malaman da kansu sukan ce wa almajiri ya ajiye littafi ya bar hoton ya yi masa magana. Wannan aikin mai ƙaga labari ne, ba bambanci, sai dai an ba shi 'yan wasa da fage, an bar masa jigo.

Mataki na uku ba a cika rubuta shi a littafi ba, shi ne kuwa mafi girma. Ma'anonin katunan an yi su da faɗi ainun. Mutuwa, in ji malamai, ba mutuwa take nufi ba, sauyi ne. Hasumiya rushewar wani abu da aka dogara da shi. Wane ne cikin 'yan Adam ba ya cikin wani sauyi, ko bai taɓa dogara da abin da ya rushe ba? Mai duba yana sakin magana mai faɗi, yana kallon ido da kafaɗar wanda ke gabansa, inda ya ga an gyaɗa kai ya zurfafa, inda ya ga an yamutsa fuska ya janye. Shi kuwa mai saurare shi ke cika guraben da sunayen mutanensa da damuwarsa, ya tashi yana zaton an gaya masa abin da shi ne ya kawo. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai, ya nemi su auna dacewarta daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya haura 4. Takardar iri ɗaya ce ga kowa, daga littafin taurari na kasuwa ya tsinto jimlolin. Ray Hyman, wanda daga baya ya zama shaihun malami a Jami'ar Oregon, ya yi duban tafin hannu yana saurayi har ya gaskata da shi, sai wani ya ba shi shawara ya gwada faɗin kishiyar abin da layukan suka nuna. Ya gwada, masu zuwa suka ci gaba da yaba gaskiyarsa. Ba dole ne mai duba ya zama maƙaryaci ba. Sau da yawa shi ne farkon wanda fasaharsa ta ruɗa. Ibn Khaldun ya riga ya faɗi makamancin wannan game da zanen rairayi a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, inda ya nuna siffofin da hukunce-hukuncensu shiri ne na mutane, babu wani dalili da ya ɗaure su da abin da zai faru.

Masu tarot na zamani da dama za su ce wannan suka ba ta same su ba. Sun yarda katunan na Italiya ne, ba su kuma da'awar sanin gobe. A wurinsu kati madubi ne, hanya ce ta sa mutum ya faɗi abin da ke cinsa a rai, wanda da an tambaye shi kai tsaye da ya yi shiru. Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Hoto yakan buɗe bakin da tambaya ta kasa buɗewa, kamar yadda karin magana kan isar da abin da ba a iya faɗa ɓaro-ɓaro. Amma in haka ne, kowane tarin hotuna masu kyau zai yi aikin, ba a bukatar kyandir da gyale. Kuma gurbin ƙarshe na shimfiɗar Waite har yanzu sunansa makoma. Wanda ya zo da zullumin aure ko ciwo ko bashi ba madubi ya zo nema ba, amsa yake so, zai kuma tafi ya yi aiki da abin da ya ji. Inda kuɗi suka shiga, tsohuwar dabarar aron asali takan dawo. A ƙarshen shekarun 1990 wata mata da ake kira Miss Cleo ta cika talabijin na Amurka tana shimfiɗa tarot da harshen mutanen Jamaika, tana kiran jama'a su bugo waya a duba musu. A Los Angeles aka haife ta. A 2002 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta tuhumi kamfanonin da ke bayanta, ba ita kanta ba, da yaudarar masu bugowa, aka daidaita a kan su yafe bashin da suke bin mutane na kimanin dala miliyan 500.

Wurin da katunan suka fi yin amfani tun farko shi ne hannun marubuta, wannan kuwa ya girmi duba nesa. A ƙarni na 16 fadawan Italiya sukan raba manyan katunan, kowa ya tsara baitoci yana kwatanta wata daga matan fada da hoton da ya faɗo masa. A 1527 Teofilo Folengo ya tsara waƙoƙi a kan katunan da aka raba wa mutane huɗu. A 1973 Italo Calvino ya fitar da littafi a kan waɗansu matafiya da suka kwana a wani gidan sarauta cikin daji, suka tarar bakinsu ya mutu, kowa sai ya ba da labarinsa ta hanyar jera katunan tarot a kan tebur, sauran suna ƙoƙarin ganewa. Kati guda yakan shiga labarin mutum biyu ya ba da ma'ana biyu. Calvino ya yi daidai abin da mai duba yake yi, illa dai shi bai ce wa kowa gobensa ce ba.

Wasan asali kuwa bai mutu ba. A Austiriya ana yinsa da sunan tarock, a Bologna har yanzu da katunansu 62. A Faransa yana cikin wasannin karta da aka fi so, yana da hukumarsa ta ƙasa tun 1973, ana kuma yin gasa. Galibi mutum huɗu ne, ɗaya ya tsaya shi kaɗai sauran uku su haɗu a kansa. Jimlar makin ƙunshin 91 ne. Katunan da ake ido a kansu uku ne, na 1 da na 21 da Wawa: wanda ya kama duka ukun maki 36 ya ishe shi, wanda bai sami ko ɗaya ba sai ya kawo 56. A kartar da suke wasa da ita an daɗe da sauya hotunan da na zaman gari da na ƙauye, kati na 13 kuma abin da ake tambaya game da shi kawai shi ne ko wani yana riƙe da na 14.